Ranar da Gwaggo ta auna gona da tiya

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun da na koma garinmu, can wajen Korgom, bayan shekarata ta farko a jami'ar Maraɗi. Lokacin ake son yi wa gonar kakanmu takarda, mai gari ya ce sai an faɗi girmanta. Gonar kusurwa uku gare ta: gawo, tsohuwar rijiya da bakin burtali.

Na ce a bar mini. (Har tabarau na sa, alhali idona lafiya lau.)

Na tsaya a kowace kusurwa, wayata ta ba ni lambobin wurin, na mai da su mita. Mutane suka kewaye ni gindin gawo. Na yi musu bayani: in ka san inda kusurwoyi ukun suke, ka ninka lambobinsu a gicciye, ka haɗa, ka ɗebe, sai faɗin gona ya fito, ba igiya ba taku.

Sai na ce: "Hekta shidda!"

Baba ya yi murmushi. Amma Malam Jae, Bafulatanin da muke iyaka da shi, ya miƙe tsaye.

"Shidda? To, kun haɗa da tawa ke nan, da hanyar shanuna!"

Nan take murya ta fara tashi, amincinsu da Baba na shekara talatin yana rawa. Sai Gwaggo Hajo, yayar Baba, wadda ko ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba ta taɓa shiga ba, ta ce:

"Ɗana, gonar lakwal da aka auna hekta guda, kwanon tiya uku na iri take ci. Wagga kuwa tiya tara nike zuba mata tun ina budurwa. Sake duba abin naka."

Na sake dubawa. Na manta matakin ƙarshe, raba biyu. Hekta uku ce, da ɗan abin da bai kai shimfiɗar tabarma goma ba.

Aka yi ta dariya, Malam Jae har da riƙe ciki. Ni kuwa tsayawa na yi ina kallon tsohuwar nan. Abin da tauraron ɗan'adam da lissafin jami'a suka taru suka gano, yana cikin hannunta shekara hamsin.

"Karatunka na da kyau," in ji ta. "Gaggawarka ce ba ta da kyau."

Tun ranar, in na yi lissafi a gaban tsofaffi, a hankali nake faɗin amsa. Kuma ina faɗinta kamar mai tambaya.