Inda Batirin Motata Yake Kwana

Akwai safiyar wata Asabar da ba na jin zan manta da ita. Ƙarfe goma ne, a zauren dagacinmu na Durun. A wurin akwai dagaci, akwai ni, akwai Haruna bakanike, ɗan garinmu mai gareji a Gwarzo, sai Malam Idi ladan, wanda gaisuwa kawai ta kawo shi. Ni ne mai ƙara. Haruna nake ƙara, kan cewa ya musanya mini batir.

Bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari a hargitse. Motata tsohuwa ce, tun zamanin tsuke bakin aljihu na saye ta a hannun wani, ina lallaɓa ta har zuwa shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a. A lokacin ne ta ɗauko wani hali. Yau ka murɗa makulli ta tashi nan take. Gobe sai ta yi ta gurnani a kasalance, kamar tsohon da aka tasa daga barci, wani lokaci har sai an tura. Abin haushin, da na isa Gwarzo sai ta warke. Haruna ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, tana tashi lafiya lau.

"Alhaji, motar nan tsorona take ji," in ji shi.

Ban yi dariya ba. (Ba a san ni da dariya a gareji ba.) Na ce a bi ta a tsare. Da farko aka kankare kan batir aka ɗaure tam. Sai aka canza fulogi. Sai aka kwance kik, wato abin tayar da inji, aka wanke. Daga ƙarshe na sayi sabon batir, Haruna ya ɗaura da hannunsa. Ba a yi mako ba gurnani ya dawo. Na zauna na yi lissafina: komai an duba, batir sabo ne, to ba sabon ya sa mini ba ke nan. Na faɗi haka a majalisa, maganar ta kai Gwarzo, har wasu suka fara janye motocinsu daga garejinsa. A shekarun nan kuwa, a danganta mutum da sata ba ƙaramin abu ba ne.

A zaure Haruna ya rantse. "Ranka ya daɗe, da kwalinsa na buɗe a gabansa. 'Ya'yana da wannan aikin suke ci."

Dagaci ya dube ni. "Alhaji, kullum take yi, ko kuwa?"

Nan na gyara zama, don an zo fagena. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na magana a ka. Safiyar Litinin da safiyar Juma'a take yi. Sauran ranaku ba ta yi."

Sai Malam Idi ya yi gyaran murya. "Allah ya ba ka nasara, a gafarce ni. Wane batir ake nufi? Ba dai namu na wa'azi ba?"

Na ce, "Naku kamar yaya?"

"Ai Alhaji, ranar da aka kawo lasifika masallaci, kai ka miƙe ka ce duk abin da ɗakin Allah yake bukata a gidanka a ɗauka, ba sai an tambaye ka ba. To ba mu da wuta. Lahadi da Alhamis in an yi magariba sai in buɗe gaban motar in ciro, in an tashi wa'azi in mayar in ɗaure. Ban taɓa bari ya kwana a waje ba." Ya juya wajen dagaci. "Wallahi sabon nan ya fi tsohon ƙara. Har Alhaji da kansa ya yaba."

Na yaba kuwa. Ni ne a sahun gaba duk daren wa'azi, ni ne mai cewa a ƙara murya don mata su ji a cikin gida. Batirina nake ƙararwa da bakina, da safe in tashi ina zagin bawan Allah. Kafin in kai Gwarzo kuma mota ta yi masa caji a hanya, shi ya sa take warkewa a gaban Haruna.

Dagaci ya ja bakin rawaninsa ya rufe baki, amma kafaɗunsa sun tona shi. Na nemi inda zan sa idona na rasa, sai na ƙura wa takalmina ido.

"To Alhaji," in ji dagaci, "wa za mu hukunta, ladan ko mai alkawari?"

Na miƙe na kama hannun Haruna na nemi gafara. Ya ce, "Na yafe, Alhaji. Amma inda ka faɗa, can za ka je ka gyara." Gaskiyarsa. Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a gaban jama'a na wanke shi, na kuma maimaita a tashar Gwarzo. Motocin da suka gudu suka dawo. Batirin na bar wa masallaci, Haruna ya ɗaura mini wani, mota ba ta sake gurnani ba. Har yau in na shiga gareji sai ya ce, "Alhaji, me ake so, gyara ko wa'azi?" Yanzu ina dariya.

Na duba komai a jikin motar nan bi da bi, ban duba abin da bakina ya faɗa a masallaci ba. Don haka ina roƙonka, mai karatu: in motarka ta fara nauyin tashi yau e gobe a'a, kafin ka ambaci sunan kowa, ka zagaya unguwa ka tambayi wa ka yi wa alkawari. In kuma hanya ta kai ka Gwarzo, ka kai wa Haruna aiki.