Yadda Za Ka Tausaya wa Matarka Ba Tare da Ka Saurare Ta Ba

Ɗan'uwa, in matarka ta haɗa kaya ta ce zuciyarka dutse ce, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, nasara tabbas ce. Maƙwabcina mai walda ya bi su, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu.

1. Sauke manhaja
Akwai ƙirƙirarriyar basira a waya da ke koyar da tausayi. Da can uwa ke koyar da shi, da mari in ta kama. Yanzu data kawai ake so.

2. Yi atisaye
Ka ce wa manhajar ta zama matarka. Mai walda ya zauna bakin shago, baƙin tabarau a goshi, yana lallashin waya. Manhajar ta ce ya daina katse mutane. Ya katse ta: "Wuce nan, ba ni kalmomin kawai."

3. Haddace jimla ɗaya
Biyu almubazzaranci ne. Tasa ita ce: "Na ji ki, lallai wannan da nauyi a zuciyarki."

4. Gyara fuska
Karkata kai, ka lumshe ido kamar tartsatsi ya faɗa ciki. Rabin tausayi a wuya yake.

5. Shiga gida
Mai walda ya sami matarsa zaune kan akwati, mayafi a kafaɗa.
"Baban yara, tun rasuwar Inna ban samu wanda..."
"Na ji ki, lallai wannan..."
"Da nauyi a zuciyarki," ta ƙarasa masa. "Saura 'ƙara faɗa mini'. Ka manta wannan."
"Ke! A ina kika sani?"
Ta ɗaga wayarta. "Ita nake kai wa kukana tun ranar da ka ce na fi janareto surutu. Ita dai tana bari in kai aya."

6. Rufe baki
Wannan ba ya cikin shirinsa, kunya ce ta ɗaure masa harshe. Ya zame ƙasa ya yi tsit. Ta yi zancen mahaifiyarta, ta yi kuka, ta share hawaye, ta ci gaba. Akwatin bai fita ba. Washegari ya leƙo ta katanga yana yaba wa manhajar. Sakarai.

Gargaɗi: ba ruwana da abin da zai biyo baya. In taka matar ta fice da akwatin, kada ka buga mini ƙofa. Je ka gaya wa waya. Lallai wannan da nauyi a zuciyarka.