Makullan Ƙafar Mota da Katangar Surukina

Ko zan manta da komai na samartakata, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka je nema mini auren Saude ba. Shekarun saba'in ne, ba a daɗe da komawa tuƙi ta hannun dama ba. Zariya tana Zariyarta a lokacin, motocin da ke shiga cikin ganuwa kowa ya san masu su, har kukan kowace an sani. Ni kuwa sabon malamin gona ne, na samu wata tsohuwar a-kori-kura a gwanjo, irin mai ja da ƙafa huɗu, da ita nake ratsa ƙauyukan bayan Kufena. Fentinta ya koɗe, ƙofarta sai an daka mata kafaɗa take rufuwa, amma wallahi ji nake duk birni ba wanda ya kamo ƙafata.

Irin waɗannan motoci suna da wasu makullai a cibiyar ƙafafun gaba (makanikai hob suke ce musu). In kana kan kwalta sai ka bar su a buɗe, ƙafafun baya kaɗai ke ja. In ka iso laka ko rairayi, dole ka sauko ka murɗa su da hannu ka kulle, sannan duka huɗun su ja. To nawa sun cinye, ga damina ta kankama, sai na tafi Sabon Gari neman wasu.

Mai shagon ya fito mini da iri biyu ya ajiye a kan tebur. Ɗaya gajeru ne, baƙaƙe, ba su da wani fasali, irin waɗanda ke jikin motar tun asali. Ɗayan kuwa dogaye ne, sun turo waje, farare ƙal kamar sabon kwanon sha, ga jan mamurɗi a tsakiya. Na tambaye shi wanne ya fi aiki. Mutumin kirki, ya ce, "Malam, aikinsu ɗaya ne. Wannan dai ya fi ɗaukar ido." Ai shi ke nan, ya gama da ni. Ban sake kallon baƙaƙen ba. Da aka ɗaura su na ja baya na riƙe ƙugu ina kallo, ina ayyana yadda Saude za ta hango ƙyallinsu.

Sai in gaya muku waye waliyyin Saude. Malam Tanimu ne, ƙanin mahaifinta, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama. Malami ne mai koyar da littattafai a zaurensa can wajen Ƙofar Kuyambana, ba ya hayaniya, amma in ya ce a'a an gama. Kafin ni ya sallami wani mai nema don kawai ya gaishe shi da baƙin tabarau a fuska. Ni kuwa ina son Saude kamar raina, na san in Malam ya girgiza kai ba ni da wata ƙofa.

Ranar da aka sa, da hantsi bayan an sha ruwan sama, na ɗauki Baffa, yayan mahaifina, a gaba. Wasu dattawa biyu na unguwarmu suka hau baya da huhun goro. Kowa ya san ƙa'ida: mai neman aure ba ya zuwa wurin, manyansa ke zuwa. Aikina in sauke su a bakin lungu in ɓace. Baffa ma ya faɗa, "Tsaya nan, mu ƙarasa da ƙafa." Na ce, "Haba Baffa, ga taɓo, rigarka za ta ɓaci. Bari in ɗan matsa da ku." (Ƙarya nake, Allah Ya yafe mini. Ba rigar Baffa ce a raina ba.)

Na taɓa bin lungun da motar, na san tana wucewa da ƙyar. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne motar ta ƙara faɗi ta ƙasa, kuma katangar ƙasa gindinta ya fi samanta kauri. Muna gab da ƙofar zauren Malam sai na ji ƙuuu, motar ta tsaya cak. Makullin dama ya nutse a katangar Malam, na hagu a ta maƙwabcinsa. Na sa giyar baya, ƙafafun baya suka hau wulwulawa a laka suna watsa wa dattawan nan taɓo. Da ƙafafun gaba suna ja da na fita, amma makullan a buɗe suke, ga su binne a cikin katanga. Na tura ƙofa, ko tafin hannu ba ta buɗe ba. Ta Baffa ma haka.

"Innalillahi," in ji Baffa, a hankali. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Malam Tanimu ya fito da carbi a hannu. Ya dubi motar, ya dubi katangarsa, ya dubi gilashin gaba inda nake zaune kamar an kafe ni. Ba halin in sauka in durƙusa, ba halin in gudu. Na zame ƙasa iya zamewa, na jawo hula har kan hanci. Dattawan baya suka diro, suka haura ta saman hancin motar da ƙyar, suna karkaɗe riguna. Aka ce ko Baffa zai fito ta taga. Baffa mai jiki ne, ga rawani, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai yi wannan abin kunya a ƙofar surukai ba.

Sai Malam ya ce, "To tunda baƙi ba za su iya zuwa tabarma ba, a kawo musu tabarma."

Aka shimfiɗa ta a gaban motar. Baffa ya zuro kai ta taga aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa, kamar ba abin da ya faru. Maƙwabta sun cika lungu, ina jiyo dariyar mata ƙasa-ƙasa daga cikin gida, kuma na rantse na tsinci muryar Saude a ciki. Baffa ya faɗi abin da ya kawo su. Malam ya ce, "Madalla. Yaron naku yaya halinsa?"

Baffa ya gyara rawani, ya ce, "Yaro ne mai natsuwa, Malam. Ba ya yin abu sai da tunani."

Malam ya sake duban katangarsa, ya ce, "Haka ne. Mun gani."

Na ce a raina shi ke nan, Saude ta tafi. Malam ya ce a yi addu'a tukuna, Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri. Kowa ya ɗaga hannu, lungu ya yi tsit. Ni ma na ce bari in ƙara sunkuyawa, ko ladabina zai rage mini laifi. Goshina ya sauka a tsakiyar sitiyari.

Paaam!

Dattijo ɗaya ya zabura har hularsa ta faɗi, kaji suka watse, mata a cikin gida suka kasa riƙewa suka fashe gaba ɗaya. Malam kaɗai bai motsa ba, ya ƙarasa addu'arsa ya shafa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige har da motar.

Da ya gama sai ya ce, "Mun ba ku. Amma katanga biyu, tawa da ta maƙwabcina, shi zai gyara, da hannunsa."

Sai da aka kawo diga aka sassaƙe gindin katangun kafin a turo mu baya. Washegari da sassafe na koma Sabon Gari na sayo baƙaƙen nan marasa fasali. Bayan nan na yi kwanaki ina tattake ƙasa da ciyawa, wando a naɗe, ɗaliban Malam suna wucewa suna ce mini, "Sannu da aiki, ango." Amma ban taɓa cin tuwo mai daɗin wanda ake turo mini daga cikin gidan nan ba, don na san hannun da ya tuƙa.

Yau Malam ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Baffa. An rushe katangun an yi na bulo, kuma duk sanda na bi ta lungun sai kewarsu ta kama ni. Gab da rasuwarsa, ina zaune a gefen shimfiɗarsa, na yi ƙarfin hali na tambaye shi me ya sa ya ba ni Saude bayan abin da na yi. Ya yi murmushi ya ce, "Ai da niyyar hana ka na fito. An ce mini kana da girman kai. Da na ga yadda kake neman shigewa ƙarƙashin sitiyari, sai na ce ashe yaron yana da kunya."

Wato duk ƙyale-ƙyalen da na sayo don a gan ni ba su tsinana mini komai ba, ɓuyan da na yi ne ya ba ni mata. Tun daga nan in abu ya ɗauki idona a kasuwa, kafin in taya sai na tambayi kaina ta wane lungu zan bi da shi.