Rasuwar Siririya, Bindigar Iskar da Na Ɗora wa Laifi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da har yau na kasa ɗagawa in dubi mutane, ni Ɗan'azumi, masunci kuma ɗan noman rani a nan bakin ruwan Tiga, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Bebeji da Kiru har zuwa Burumburum rasuwar bindigata ta iska, wadda aka fi sani da Siririya. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a hannuna, a bayan ɗakina, bayan gajeriyar jinya. Ni ne mai jinyar, kuma ni ne ciwon.

Marigayiya ba haihuwar garin nan ba ce. Kawuna Inusa na Kafin Maiyaƙi ne ya riƙe ta tun ina yaro. Da idonsa ya fara hazo sai ya naɗe ta a wani tsohon buhu ya miƙo min, ya ce, "Ungo, ɗan nan. Ba ta ƙarya. In ka ga ta kuskure, ka binciki kanka." Na ce to, Kawu. Na ji maganar da kunne, amma ban ajiye ta ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Ba ta cin albarushi, ba ta shan fetur. Abincinta 'yar ƙwayar dalma guda, ita ma sai za ta yi aiki. Ba ta da surutu. A karya ta a gwiwa ta ce "ƙaƙas", a sa mata ƙwaya a miƙe ta ta ce "kaf", a taɓa kunama ta ce "taf". Iyakar maganarta ke nan duk zamanmu. Ba ta taɓa tayar da jaririn maƙwabta daga barci ba. Ta kori tsuntsaye daga shinkafar mutane da yawa ba ta nemi godiya ba. Ranar da koma ta fito ba kifi, ita ce ke rufa min asiri, in shigo gida da hasbiya ko kurciya, maiɗakina Luba ta ɗora tukunya kamar ba abin da ya faru.

Idon da aka haife ta da shi shi ne ɗan tsini a kan hancinta da 'yar tsaga a baya. In tsinin ya zauna a tsakiyar tsagar, to magana ta ƙare. Da wannan idon ta tsufa, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Rashin lafiyarta ya faro ne daga ranar da abokina Hafizu ya dawo daga Kano da madubin hange, irin wanda ake ɗaura wa bindiga a gadon baya. Na leƙa ciki na ga kukar tsallaken fadama ta matso har kamar in taɓa ta. Na ga layi biyu sun gitta juna a tsakiya. Wallahi a take na raina tsinin Siririya. Hafizu ba shi da laifi, don ya gaya min, "Ba ɗaurawa kawai ake yi ba fa, sai ka yi masa saiti." Ya nuna min maɓallai biyu, na sama mai ɗaga harbi ko sauke shi, da na gefe mai kai shi dama ko hagu. Ya ce, "Ka iya?" Na ce haba, ni da na girma da bindiga. Ban iya ba.

To ga yadda na yi, kuma ina faɗa ne don kada wani ɗan bakin ruwa ya maimaita. Na yi tunani irin namu na masunta. Na ce in na harbi garu ko itace ba lallai in ga inda ƙwaya ta faɗa ba, amma ruwa ba ya ɓoye komai, inda ta sauka sai ya yi tsalle. Sai na shiga kwalekwale da yamma, na jefa gorar kamun kifi a ruwa, na ja baya, na zauna ina harbinta. Ruwa ya yi tsalle ta hagun gora, na murɗa maɓallin gefe, ya ce "ƙis, ƙis". Na sake, ƙwaya ta sake faɗawa hagu, na ƙara murɗawa. Haka na yi ta yi, iska na kaɗawa, har Allah ya sa wata ƙwaya ta ce "ƙwal" a jikin gora. Na yi hamdala, na tuƙo zuwa gaɓa ina jin ba maharbi kamata daga nan har Doguwa.

Ana nan sai saƙo ya zo daga surukina, mahaifin Luba. Ba zan kama sunansa ba, kowa a nan ya san shi. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa neman wani abu a wurina ba. Tsakaninmu sai gaisuwa: in cire takalmi daga nesa in durƙusa, shi kuma ya ce, "Mai bindiga, yaya Siririya? Ta kawo mana miya?" In yi murmushi kaina a ƙasa. To ranar ya aiko Luba ta ce min, Baba ya ce kurege ya hana shi sakat a garka, yana tone masa dankali, in zo in raba su.

Na goge marigayiya har tana ƙyalli. Na sa riga mai kyau, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

A garkar Baba akwai tsamiya, a nan yake hutawa, a gindinta kuma akwai tulunsa a kan wani reshe mai baki uku da aka kafa. Yaran yanzu ba su san tulun nan ba. Daga tsohon garinmu ya fito, wanda ruwan dam ya cinye tun kafin a haife ni, da yumɓun can aka gina shi. Baba ba ya shan ruwan jarka, ya ce warin roba yake yi.

Muna tsaye a bakin shinge, ni a gaba Baba a bayana, sai ga kurege ya fito ya hau saiwar tsamiya, ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya yana kallonmu. Tsakaninsa da tulu bai wuce kamu guda ba, tulun na damansa. Da tsini da tsaga ne, da na tsaya ya matsa, don Kawu ya koya min duba abin da ke kusa da abin harbi. Amma a cikin madubi ba na ganin komai sai kurege, ya cika min ido har ina ganin gashin bakinsa. Na ɗora layukan nan a ƙirjinsa. Na ja numfashi. Siririya ta ce "taf".

Tulu ya ce "ɓas".

Kurege bai ko gudu da wuri ba. Sai da ya kalli ruwan da ke malala, sannan ya sauka ya shige rami a hankali.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya taka ya je gindin tsamiya, ya tsuguna, ya ɗauki wuyan tulun, shi kaɗai ne bai farfashe ba, ya juya shi a hannu. Ya ce, "Inna ce ta ɗauko shi a ka ranar da aka kwashe mu. Ba ta yarda a sa shi a mota ba." Ya miƙe. Can ya ce, "Je ka gida, rana ta yi."

Daga ranar, in na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, "Lafiya." Shi ke nan. Ba mai bindiga, ba miya.

A nan ne na zalunci marigayiya. Na dawo gida na ce ita ce. Na ce tsufa ya kama ta, numfashinta ya yi rauni, shi ya sa take jefa ƙwaya gefe. Mu kuwa 'yan noman rani magani ɗaya muka sani: in injin ban-ruwa ya fara tari, a ba shi mai. Sai na ɗebo man inji, na karya ta, na ɗura mata ta 'yar ƙofar da iska ke fitowa. Ban ɗiga ba, ɗurawa na yi, don ina so ta warke da wuri. Na sa ƙwaya na harba. Baiwar Allah da ba ta taɓa ɗaga murya ba ta ce "ɗau", kamar bindigar toka, hayaƙi ya fito mata ta hanci, kajin gida suka watse. Maimakon in tsorata sai na ji daɗi, na ce ƙarfi ya dawo. Na ƙara mata. A harbi na gaba ta yi wata ƙara daga can cikin cikinta, "ƙararas", kamar an taka busasshen kara. Na karya ta, ba ta ce "ƙaƙas" ba. Ta tafi salin-alin, ta langaɓe a gwiwata.

Na kai ta wurin Sale mai gyaran inji. Ya buɗe ya ce man ne ya kama wuta a ciki, robar cikinta ta ƙone, sifirin ɗin da ke tura iska ya karye, kuma tsohuwar ƙira ce, samun irin nata da wuya. Ya rufe ta ya ce in yi haƙuri.

Luba ce ta wanke ta daga zargi, ita da ba ta taɓa riƙe bindiga ba. Tana gyaran kifi na ba ta labarin yadda na yi saiti, don ta san na yi iya ƙoƙarina. Ta ajiye wuƙa ta ce, "Tsaya. Gorar nan da kake harbi, a ɗaure take?" Na ce a'a. "Kwalekwalen fa, ka kafe shi?" Na ce a'a. Ta ce, "To kai kana tafiya, gora na tafiya, iska na tafiya. Wa ke tsaye a cikinku da za a saita wani da shi?" Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba. Ni kuwa na tashi na fita, don ɗakin ya yi min kaɗan. Ashe inda na murɗa na ce ta je, nan Siririya ta je. Har ranar da ta fasa tulu gaskiya ta faɗa.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, mai riƙonta, wanda bai cancance ta ba. Ta bar Kawu Inusa, wanda har yanzu ban iya zuwa na gaya masa da bakina ba, in wani ya karanta masa wannan ya ce ina nan tafe. Ta bar rabin gwangwanin ƙwayar dalma, marayu, ba mai cin su. Ta bar madubin hange, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ta kuma bar kurege, wanda na ji an ce ya yi ƙiba.

Ba ta yi wasiyya da baki ba, amma na tsinci abin da za ta so a faɗa wa masu riƙon 'yan'uwanta. Mai saita madubi ya yi a tudu, ranar da ba iska. Ya kafa kwali a jikin tudun ƙasa, ya ɗora bindigar a kan buhu don kada hannu ya yi rawa, ya harba 'yan ƙwayoyi ya ga inda suka taru kafin ya taɓa maɓalli, ba kowane harbi a murɗa ba. Ƙwayar da aka yi saiti da ita, da irinta za a fita farauta, don mai tsini da mai mulmulallen kai ba wuri ɗaya suke sauka ba. Kada a harbi fuskar ruwa, ƙwaya na iya tsalle ta sami wanda ke tsallake, ni Allah ne ya tsare. Mai kuwa a jiki ake shafa mata da tsumma, ba a ɗura mata. Kuma kafin a taɓa kunama a ɗago ido daga madubi a dubi abin da ke gefe. Wannan na ƙarshen da tulun Baba na saye shi.

Game da jana'iza, na je na tambayi liman abin da ya dace. Ya dube ni ya ce, "Ɗan'azumi, ƙarfe ne da katako. Ba ka da ban-ruwa yau?" Saboda haka ba salla, ba makara. Za a naɗe ta a buhun da ta zo a ciki, a rataye ta a ɗakina sama da ƙofa. Madubin kuma duk mai so ya zo ya ɗauka, in ya yi alkawarin ba zai shiga kwalekwale da shi ba.

Za a yi zaman karɓar jaje ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidanmu, gindin darbejiya. Za a shimfiɗa tabarmi. Akwai buzu guda da zan ajiye a inda inuwa ta fi kauri, ina roƙon kada kowa ya zauna a kai. Mutanen garin nan sun san akwai wani dattijo da ko akuyar mutum ce ta mutu sai ya taka ya je ya yi masa jaje. Ban aika masa ba, ba ni da fuskar aikawa. Amma na san a bakin masallaci za a ba shi labari.

Bazarar nan ruwa ya ja baya har falalen dutsen da matan tsohon gari ke shanya a kai ya fito. Na je can na haƙo yumɓu a gefensa, na kai wa Iya Kulu maginiya, na kwatanta mata wuyan da hannu. Ta gina, ta gasa. Na san ba shi ba ne. Ba wanda ya ɗauko wannan a ka daga ko'ina, ni na goyo shi a babur. Amma ƙasar ta can ce.

Zai kasance a gefen buzun, cike da ruwa, da sabuwar moɗa a kife a bakinsa. Duk wanda ya ji ƙishirwa, akwai jarka, a sha a yi min haƙuri da warin roba. Na tulu ba za a buɗe ba sai mai shi ya zo. In magariba ta yi bai zo ba, zan juye ruwan a gindin darbejiya, in sake cika shi wata Juma'ar.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sanyaya zuciyar wanda na ɓata wa.

Ɗan'azumi, mai riƙon marigayiya.