Jatau da Jerin Tambayoyi

Ranar Laraba ce, hadari ya haɗu a gabas, ruwa bai sauka ba. Gidan Jatau mutum biyu ne, shi da uwarsa Inna Tabawa, mai gona ɗaya a bayan rafi. Jatau ba mugu ba ne. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari.

A ranar ƙungiyar manoma ta damƙa masa waya mai manhajar rajistar iri. Asabe, 'yar garinmu da ta karanta kwamfuta, ita ta rubuta manhajar. Abu uku take tantancewa a jere: lambar waya, suna, gona. Mako biyu aka bayar, wanda bai shiga ba, ba shi da iri bana. Asabe ta ce, "Kawu, lamba tukuna, kafin komai."

Wata rana Inna ta zo rajista, ta yi sallama. Jatau ya ce, "Lambarki?" Ta ce, "Ni ce fa, ɗan nan." Ya ce, "Lamba tukuna." Inna ba ta da waya. Ta koma gida, ranar tuwonsa ba miya.

Wata rana Asabe ta ce, "In amsar farko ba ta yi daidai ba, a tsaya nan." Mutumin farko ya ba da guntuwar lamba. Jatau ya tsaya, layi ya tsaya, har la'asar. Aka ce, "Me ake jira?" Ya ce, "Ni ma ban sani ba."

Wata rana, saura kwana ɗaya a rufe, Asabe ta jera masa tambayoyin a takarda. "Bi su kamar tsani, ɗaya bayan ɗaya." Jatau ya san tsani, daga ƙasa ake hawansa. Ya fara da gona, ta can ƙasan takardar. 'Yan kasuwar birni masu manyan wayoyi, da suka zo kwasar iri, suka kasa faɗin inda gonarsu take. Inna kuwa ta faɗi tata har da tsamiyar kan iyaka. Manhaja ta ƙi karɓa, lamba take nema. Asabe ta zo ta duba, ta ga gona ce ke nuna manomin gaskiya, ta juya jerin: gona, suna, lamba a ƙarshe, ta ɗan uwa ma ta isa. Aka sa wa Inna ta Jatau, ta samu irinta.

Washegari da safe ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi sallama. Ta ce, "Lambarka?" Ya faɗa mata tsaf, ya ɗauki fartanya ya bi ta gona.