Yunifom ɗin da na ɗinka wa Husna

Ba zan taɓa mantawa da Litinin ɗin da na kai 'yata Husna makarantar da ba ta ɗauke ta ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Makarantar a Unguwar Rimi take, irin wadda daga aji ɗaya ba a yi wa yaro magana sai da Larabci, har lissafi da shi ake koyarwa. Ni kuwa tun ranar da Walid, ɗan maƙwabciyata a nan Abakpa da ke karatu a can, ya nemi ruwan sha da Larabci a gabana, uwarsa tana wani murmushi, na ce wallahi sai Husna ta shiga (in faɗi gaskiya, murmushin ya fi Larabcin tsaya mini a rai).

Da na je neman gurbi, magatakardan makarantar ya ce aji ya cika, sai dai a sa ta a layin jira. Ƙannen ɗalibansu ake fara ɗauka, mu kuma sai in wani ya janye. Na ce a raina, layi ai na wanda bai san kowa ba ne. Na tafi kamun ƙafa wajen Alhaji, kawun maigidana, wanda masallaci ɗaya suke salla da mai makarantar. Alhaji ya sa ni gaba har ofishinsa. Mutumin ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya shafa kan Husna ya ce, "Ai 'yarmu ce. Allah ya sa a dace."

Shi ke nan, ni a wajena magana ta ƙare. Maigidana ya ce in bi a hankali, addu'a aka yi mini ba alkawari ba. Na hau shi da faɗa, na ce shi dama bai iya komai ba sai sanyaya wa mutum gwiwa.

Yunifom sai wanda aka ɗauka ake sayar wa, don haka na ɗauki hoton na ƙanwar Walid a kan igiyar shanya, na kai wa tela. Na je tsohuwar makarantar Husna na ce wa shugabar su ba wani kujerarta, mu mun yi gaba (har da ɗaga mata hannu, kaico). Kullum kuma ina zaunar da yarinyar tana maimaita "Ismi Husna", wato sunana Husna, har ta riƙa faɗa wa 'yar tsanarta.

Ranar buɗe makaranta muka shiga Keke, tana ta shafa hijabinta. Muna isa na dubi yunifom ɗin yara: koren kowa mai haske, namu kamar ganyen kuka. Duk da haka na tura ta cikin layi. Aka fara kiran suna, yara suna bin malamansu ɗaya bayan ɗaya, har fili ya watse ya bar Husna ita kaɗai, rungume da kwandon abincinta.

Wata malama ta durƙusa ta yi mata tambaya da Larabci. Yarinyata ta ɗaga kai ta ce "Ismi Husna" da ƙarfinta. Malamar ta duba takardar hannunta, ta sake dubawa, sannan ta waigo tana neman mai ɗiya.

Maimakon in ja 'yata mu sulale, sai na ɗaga murya. Na ce a kira mini mai makaranta, ba su san ko ni wace ce ba, Alhaji ne da kansa ya kawo mu. Magatakardan ya matso, ya nuna mini iyayen da suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Hajiya, duk waɗancan kowa da Alhajinsa."

Ana haka sai ga mai makarantar zai shiga mota. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi lafiyar Alhaji, ya sake shafa kan Husna ya ce Allah ya sa a dace. Maman Walid tana tsaye, ta kawar da kai, kuma wannan tausayin ya fi dariya ciwo.

Muka sake shiga Keke har muka kusa gida. Sai Husna ta ja gefen mayafina ta ce, "Umma, ban faɗa daidai ba ne?" Na ce ta faɗa daidai, na juya fuskata ga titi don kada ta ga hawayena.

Washegari na lanƙwashe kamar kazar da ruwa ya daka, na koma tsohuwar makarantar. Shugabar ta ce kujerar da na ce a bayar an bayar, amma za ta sa mu a layin jira. Zangon nan kaf a gida Husna ta yi shi, kullum da safe tana leƙen 'yan makaranta ta taga, wani lokacin sanye da koren nan nata.

Yanzu duk wanda ya ce mini Allah ya sa a dace, amin nake cewa da zuciya ɗaya. Amma ba na zuwa wajen tela.