Keken Gwaggo da Bargon Dije

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina, da ranar da na ɗauko keken ɗinkin Gwaggo na kai shi gidan mijina don in burge mutane. Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara shigowa Kano ba. Kayan Turawa sun soma cika kantunan waje, amma a cikin birni keken ɗinki abin kallo ne, har daga wata unguwa ake zuwa ganinsa.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a unguwar Soron Ɗinki. Mijinta mai fataucin fata ne, shi ya sayo mata keken a hannun wani Balarabe a Fagge, kuma ko a lokacin ba sabo ba ne. Ɗan ƙarami ne, baƙi wuluk, da zanen furanni masu ruwan zinariya da suka fara gogewa. Ba irin na teloli mai ƙafa ba ne, wanda sai ƙarti sun taru a kansa. Wannan da hannu ake juya shi, kuma mace ɗaya za ta ɗora shi a gammo ta zaga gari da shi. Abin da Gwaggo ke so game da shi ke nan. Takan ce, "Na maza yana zaune a kasuwa sai a je masa, autana kuwa shi yake shiga har ɗaka." Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka keken take kira auta. Da gashin kaza take ɗiga masa mai, ta goge shi, ta lulluɓe shi da tsumma kamar jariri.

Sana'arta ɗinkin bargon ƙyalle ce. Takan tara ragowar yadi daga gidaje, ta harhaɗa su, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta sa farin yadin alawayyo a ƙasa, sannan keken ya bi ta kai layi-layi ya kama su gaba ɗaya. Aikina shi ne zura zare a allura da juya mariƙi, ita kuma tana tura bargon da hannu biyu. Ban taɓa tura yadi da kaina ba. (Wannan bayanin ne na manta ban yi wa dangin mijina ba.)

Ban cika shekara da tarewa a gidan mijina a unguwar Madabo ba aka sa bikin Dije, ƙanwar maigidana. Surukata, wadda kowa ke kira Iya, mace ce mai kwarjini, ba ta da faɗa amma ba a ganin haƙorinta. Ta daɗe tana haɗa wa Dije bargo da allurar hannu, har yatsunta suka kumbura, ga biki ya matso ba a kama audugar ba. Ni kuwa kunya ba ta bari in yi mata magana kai tsaye, sai na juya wajen Dije na ɗaga murya yadda Iya za ta ji.

"Ai wannan a keke aikin yini guda ne."

Dije ta zaro ido. "Matar Yaya, kin iya keke?"

"Ni da na tashi a gindinsa?"

Iya ba ta ɗago ba, sai ta ce da bango, "In da hali, a taimaka."

Da na je aro, Gwaggo ta daɗe tana kallona. Ta ce, "To, ɗauki. Amma zan biyo ki. Ba don ke ba, don autana."

Ana jibi za a kai amarya na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗora keken a kan 'yar kujera, na zauna na miƙe ƙafa. Da yake na san za a kalle ni, zanen saƙin da ya fi kowane kyau a lefena na ɗauro. Mata suka cika gidan, na maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Dije tana ɗaka an sa ta a lalle, tana leƙe ta bayan asabari.

Layin farko ya tafi a karkace kamar hanyar tururuwa. Gwaggo ta yi gyaran murya, ta matso kamar mai neman wurin zama, ta riƙe min gefe ɗaya ba tare da kowa ya lura ba. Can sai hannuna ya faɗa. Keken ya kama waƙarsa, ƙir-ƙir-ƙir, allura na ratsa ƙyalle da auduga da alawayyo kamar ba komai, ɗinkin ƙanana, a jere, kai ɗaya. Wata tsohuwa ta shafa ta ce, "Ikon Allah! Ko tsutsa ba ta yi wannan ba." Ni kuma kai ya fara kumbura.

Da aka kira azahar Gwaggo ta tashi alwala. A nan ne na zama malama. Hannu na juya mariƙi, ido na kan jama'a, baki na bayani. Na gaya musu inda zaren ƙasa yake fitowa, na gaya musu keke ba ya son mai gaggawa (ina faɗa ina ƙara gudu). A gefen ƙarshe na ji ya ɗan yi nauyi. Na ce musu, "Audugar nan ce ta yi kauri, amma shi ba ruwansa." Na ƙara ƙarfi, shi kuwa bawan Allah bai yi gardama ba, ya ɗinke abin da na ba shi.

Ina tsinke zare ke nan sai ga gwaggwannin ango sun yi sallama, sun kawo goro. Bayan gaisuwa Iya ta ce, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba, "Ku ɗaga musu su gani. Aikin matar ɗana ne."

Ƙawayen Dije biyu suka kama kusurwoyin bargon suka ja baya don su baje shi. Sai na ji an fizge ni a ƙugu. Na ɗauka wata ce ke min wasa, na waiwaya, ba kowa. Suka ƙara ja. Ɗaurin zanena ya kwance.

Jama'a, ashe gefen zanen ya shige ƙarƙashin bargon, na ɗinke shi tsaf, fiye da kamu guda. Na cafke abin da ya rage da hannu biyu, na miƙe a durƙushe, ina bin bargo. 'Yan matan ba su gane ba, sun ga dai bargon ya ƙi baje, sai suka ci gaba da ja. Haka na ratsa tsakar gidan surukata a tsugune kamar agwagwa, fatarina a waje, ina cewa "Ku tsaya! Ku tsaya!" da muryar da ko ni ban ji ta ba.

Sai da suka waiwayo suka gan ni sannan suka tsaya. Babbar gwaggon ango ta dube ni, ta dubi bargon, ta gyara goron bakinta ta ce, "Iya, bargon da wannan za a ba mu, ko sai an ƙara sadaki?"

Dariyar farko daga ɗakin amarya ta fito. Dije, wadda ya kamata a ji tana kuka, har da buga ƙafa. Daga nan kowa ya ɓarke. Na rufe ido ina roƙon ƙasa ta buɗe. Sai na ji an yafa min zane a jiki, an ɗaure min shi da kyau. Na buɗe ido, Iya ce, hawaye na zuba, kafaɗunta na rawa don dariya. Ranar na fara ganin haƙoranta, ashe har da wushirya.

Ta ce, "Ɗinki dai ya yi ƙarfi, 'yar nan. Wannan ba mai musu."

Gwaggo ta dawo ta duƙa ta duba, ta girgiza kai. Ta ce ɗinkin ya yi ƙanana, in aka ce za a farke sai an yaga bargon. Dije ta ɗago murya daga ɗaka, "Kada a farke! A yanke a bar min, ina so." Haka Gwaggo ta sa almakashi a zanen lefena, ta ninke guntun ta mayar da shi bakin bargo. Kafin ta rufe keken ta shafa shi ta ce, "Kai dai ba ka da laifi."

Har Dije ta yi jikoki bargon yana nan, kuma duk baƙon da ya tambayi dalilin saƙi a gefe ɗaya sai an ba shi labari, da kwaikwayon tafiyar agwagwa. A Madabo kuwa sunana ya koma Ta-bargo. Daga baya na zauna na koya da gaske, kuma da Gwaggo ta rasu ni ta bar wa keken. Na yi wa amaren unguwa barguna da shi har idona ya gaza.

Amma har na daina, ban taɓa kama mariƙi ba sai na tattare zanena na danne shi da cinya. Kuma duk lokacin da na ji ana yabona, ba na ɗaga kai in ga mai yabon. Ƙasa nake dubawa, in ga me na haɗa da me.